Wutar ko-ta-kwana ta Boeing 737 a manhajojin kwaikwayon tuƙi: me ya yi daidai, me ya kauce?

Ɗalibin Tuƙi, Kano

Assalamu alaikum. Ina gaishe da manyanmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka yi aikin lantarkin jirage da waɗanda suke tuƙa su. Tambayata a kan wutar ko-ta-kwana ta Boeing 737-800 ce, wato wutar da batir yake bai wa muhimman na'urori idan janaretocin injuna biyu suka daina aiki jirgi yana sama, da kuma yadda manhajojin kwaikwayon tuƙi da muke amfani da su a kwamfutocin gida suke nuna ta.

A jirgin da na saya na ɗora a kan manhajata, idan na kai ƙafa 35,000 na kashe makunnan janareta biyu da ke allon sama, allunan nuni na ɓangaren mataimakin matuƙi suna mutuwa, na ɓangaren kyaftin kuma suna ci gaba da aiki, kuma wannan ya yi daidai da abin da na karanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ba ta saki jirgin, tana riƙe da shi kamar babu abin da ya faru, injuna kuma suna shan mai daga tankin tsakiya yadda suka saba. Mitar batir tana tsayawa a kan volt 24 ba ta ko motsi, sai minti 30 sun cika cif, sannan komai ya ɗauke a lokaci guda, ɗakin matuƙa ya yi duhu ɗungurungum. Haka kuma ko sau nawa na yi ƙoƙarin tayar da APU, wato ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgi, ba ya rage komai daga waɗannan mintunan.

Akwai kuma wani 737-300 da nake da shi daga wani kamfani dabam. Shi idan yana ƙasa na cire masa wutar waje, sai fitilar STANDBY PWR OFF, mai nuna cewa wutar ko-ta-kwana ta ɗauke, ta kama, na'urori su mutu, alhali makunnin wutar ko-ta-kwana yana kan AUTO kuma batir yana kunne. Na 800 ɗin ba ya yin haka, shi yakan koma kan batir da kansa ko yana ƙasa. Na ɗauka kuskure ne a tsarin na 300 ɗin, amma ina so in ji daga bakin masana kafin in rubuta wa masu shi.

Don Allah wanne daga cikin waɗannan ne halin jirgi na gaske, wanne ne kuma sauƙaƙawar masu rubuta manhaja? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniyan Lantarki

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta yi kyau, domin ka kalli mita da fitilu, ba allunan nuni kaɗai ba. Kafin in ɗauki abubuwan da ka kawo, bari in shimfiɗa yadda wutar take tafiya, domin amsoshin duk daga nan suke fitowa.

A 737-800 kowane inji yana juya janareta ɗaya mai ƙarfin kVA 90, wanda yake ba da wutar AC, wato irin ta janareta mai sauya alƙibla, mai volt 115 da zagaye 400 a daƙiƙa. APU ma yana da nasa janaretan. Daga wannan AC ɗin ne wasu na'urori uku da ake kira TR suke fitar da wutar DC, wato irin wadda batir yake bayarwa, mai volt 28. Wutar ba ta zuwa wa kowace na'ura kai tsaye daga janareta, tana bi ne ta layukan rabo, kuma kowace na'ura akwai layin da aka ɗaura ta a kansa. Layuka uku ne suka fi shafar maganarmu: layin ko-ta-kwana na AC, layin ko-ta-kwana na DC, da layin batir. A ranar lafiya, na farko yana samun wuta daga babban layin AC na ɗaya, sauran biyun kuma daga na'urorin TR. Da zarar AC ta ɗauke gaba ɗaya, sai batir ya karɓi layin DC da layin batir kai tsaye, wata inbata kuma ta juya volt 24 na batir zuwa AC mai volt 115 domin layin AC ɗin. Duk wanda yake da inbata a gida ya san tsarin: idan aka ɗauke wuta, fitilu da fanka suna ci gaba, amma ba a ɗora mata famfon rijiyar burtsatse, kuma daɗewarta ya danganta da abin da aka kunna da lafiyar batirin. Inbatar jirgi ƙarama ce, ba ta iya juya manyan motocin lantarki irin na famfunan mai, kuma 737 ba shi da farfelar gaggawa mai samar da wuta daga iska. Idan janareta biyu suka tafi, APU bai tashi ba, batir kawai ya rage.

Saboda haka, a kan na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, manhajarka ta kauce. Ba ta cikin abubuwan da batir yake ɗauka, tana sakin jirgi ne da zarar AC ta tafi, matuƙi ya karɓa da hannu. Motar lantarkin da ke daidaita fiffiken wutsiya ma ta tsaya, sai an juya ƙafafu biyu masu kama da taya da ke gefen hannayen sarrafa ƙarfin injuna da hannu. Famfunan mai shida duka na AC ne, don haka suna tsayawa, injuna su koma tsotsar mai da kansu daga tankunan fikafikai, man tankin tsakiya kuma ya zama ba a iya taɓa shi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin jirgin da yake da tan da yawa na mai a tsakiya zai wayi gari da tazarar da zai iya kaiwa ta ragu nan take, kuma littafin gaggawa na Boeing ya yi gargaɗin cewa a can sama sosai ƙarfin inji yana iya raguwa ko ma injin ya mutu saboda tsotson ba ya isa. Injunan kansu ba sa mutuwa don rashin lantarki, domin kwamfutar kowane inji tana da ƙaramin janaretanta, famfunan haidirolik da injuna suke juyawa kuma suna ci gaba da aiki.

Yanzu ga maganar minti 30, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Abin da littafin jirgin ya faɗa shi ne, batir mai cikakken caji yana da ƙarfin ba da wutar ko-ta-kwana na aƙalla minti 30, idan kuma jirgin yana da batir na biyu, aƙalla minti 60. Kalmar aƙalla ita ce masu manhaja suke tsallakewa. Adadin nan alkawari ne na mafi ƙarancin abin da batir lafiyayye zai bayar a ƙarƙashin nauyin da aka lissafa, ba agogo ba ne da aka saita ya yanke wuta. Batir nagari da ba a matsa masa ba zai iya wuce haka da nisa, wanda kuma ya gaji ko aka yi ta jan wuta daga gare shi ba zai kai ba.

Batirin na nikel da kadmiyam ne, mai ɗakuna 20, kowane ɗaki kusan volt 1.2, ƙarfinsa kuma amp 48 na awa ɗaya. Halin irin wannan batir shi ne, da an ɗora masa nauyi sai volt ɗinsa ya ɗan sauka daga inda caja ta riƙe shi, sannan ya daɗe yana raguwa a hankali ƙwarai, har mutum ya ɗauka ba ya motsi, sai dab da ƙarewa ya zube da sauri. Don haka mitar da ta daɗe kusa da 24 ba ta yi nisa da gaskiya ba, inda ta kauce shi ne farko da ƙarshe. A ƙarshen, na'urori ba sa mutuwa tare, domin kowace tana da mafi ƙarancin volt ɗin da za ta iya aiki da shi, kuma ƙananan makunnan nan masu aiki da maganaɗisu, waɗanda muke kira rile, su ma suna saki ɗaya bayan ɗaya idan wutar da ke riƙe su ta yi rauni. Ya kamata kuma tun farko ka ga fitilar BAT DISCHARGE ta kama, mitar amp ta nuna wuta tana fita daga batir.

A kan APU kuwa, kuskuren manhajarka yana iya koya wa mutum mugun hali. Tayar da APU daga batir yana jan wuta mai yawan gaske, shi ya sa littafin gaggawa ya ba da shawarar gwaji ɗaya kacal idan layukan AC biyu sun mutu, ya faɗa ƙarara cewa maimaitawa tana cin ajiyar wutar ko-ta-kwana, kuma bai ba da shawarar gwadawa a sama da ƙafa 25,000 ba. Wanda yake son ganin nauyin wannan ya karanta binciken jirgin Garuda Indonesia mai lamba 421, wani 737-300 da injunansa biyu suka mutu cikin ruwan sama da ƙanƙara ranar 16 ga Janairun 2002. Bayan ƙoƙarin tayar da injunan ya ci tura, matuƙan suka gwada tayar da APU, nan take wuta ta ɗauke gaba ɗaya, domin batirin bai da ƙarfin da ya kamata ya kasance da shi. A kogin Bengawan Solo suka saukar da jirgin, ma'aikaciya ɗaya ta rasu daga cikin mutum 60 da ke ciki.

Shi kuma 737-300 ɗinka, kada ka rubuta wa masu shi, sun yi daidai. A tsarin da aka fi sani na jiragen 300 da 400 da 500, komawa kan batir da kai a sama kawai take faruwa. Idan jirgi yana ƙasa sai an ɗaga murfin makunnin an kai shi kan BAT da hannu, in ba haka ba fitilar nan za ta kama kamar yadda ka gani. A zuriyar da ta biyo baya, wadda 800 yake cikinta, aka mayar da shi ya yi aiki sama da ƙasa muddin makunnin batir yana kunne. Tunda kamfanoninmu irin su Max Air da Air Peace sun yi amfani da waɗannan tsofaffin samfura, bambancin yana da amfani ga duk mai niyyar aiki a nan gida.

Mai Rubuta Manhaja

Sallama ga kowa, gaisuwa ta musamman ga Injiniya. Ba ni da abin da zan ƙara a kan jirgin kansa, amma ina so in bayyana dalilin da ya sa manhajoji suke bambanta haka, domin ba kullum ne rashin sani yake jawo shi ba.

Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko, mai rubutu yana ajiye alama ɗaya a cikin lissafi mai cewa akwai AC ko babu, sannan ya rubuta jerin abubuwan da za su mutu idan babu, ya sa agogo a kan batir. Duk abin da ya manta bai sa a jerin ba zai ci gaba da aiki, kuma ina kyautata zaton haka ne ya faru da na'urar tuƙi da famfunan man jirgin Malam. A ta biyu, ana gina layukan rabo da rile da na'urori a matsayin abubuwa masu haɗe da juna, kowace na'ura tana tambayar layinta ko akwai wuta, tana kuma faɗin nauyin da take ja, sai a tara nauyin a cire shi daga batir daƙiƙa bayan daƙiƙa. A wannan tsarin ba a rubuta sakamakon lalacewa da hannu, yana fitowa ne da kansa daga yadda aka haɗa wayoyin. Wanda yake son ganin misali a fili ya duba A32NX, jirgin manhaja samfurin Airbus A320 na ƙungiyar FlyByWire, wanda kyauta ne kuma rubutunsa a buɗe yake, an rubuta sashen lantarkinsa da harshen Rust, kowa yana iya karantawa.

Matsalar hanya ta biyu ita ce bayanai. Littafin matuƙa yana faɗin layukan da manyan na'urori suke kai, amma ba ya faɗin amp nawa kowace take ja, ko a volt nawa take mutuwa, ko daƙiƙa nawa rile yake jira kafin ya sauya. Waɗannan suna cikin littattafan gyara da zane-zanen waya, waɗanda mallakar kamfanin da ya ƙera jirgin ne. Ga shi kuma jirage biyu masu suna 737-800 suna iya bambanta, wani da batir ɗaya wani da biyu, wani da ƙaramin allon ko-ta-kwana mai nasa batirin, wani da tsofaffin mitoci masu allura.

A nan ne nake ɗan saɓa wa Injiniya, cikin girmamawa. Idan mai rubutu ba shi da ainihin adadin nauyin, to lanƙwasar batirin da zai zana ƙiyasi ce kawai da aka yi wa ado, kuma tana iya ba mai koyo minti 50 ya saba da su, alhali abin da aka yarda matuƙi ya dogara da shi minti 30 ne. A ganina agogon minti 30 mai gaskiya ya fi ƙiyasi mai kama da ilimi, da sharaɗin a riƙa cire wani abu daga cikinsa duk lokacin da aka gwada tayar da APU. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne ɗaura na'ura a kan layin da ba nata ba, domin wannan yana cikin littafin da kowa zai iya samu.

Matuƙin A320

Assalamu alaikum. Ni Airbus nake tuƙawa, don haka a kan Boeing na bar maganar ga Injiniya. Zan kawo bambancin A320 a taƙaice, sannan in faɗi inda nake ganin manhajojin gida suka fi rauni, wanda ba maganar batir ba ce.

A320 yana da farfelar gaggawa da ke fitowa daga cikin cikinsa da kanta idan manyan layukan AC biyu suka mutu kuma gudun jirgi ya wuce not 100, wato kusan kilomita 185 a awa. Farfelar ba janareta take juyawa kai tsaye ba, tana ba layin haidirolik mai launin shuɗi ƙarfi ne, shi kuma ya juya ƙaramin janareta mai kVA 5, a madadin kVA 90 na kowane babban janareta. Tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar wannan janareta akwai kimanin daƙiƙa 8 da batura biyu suke riƙe da jirgin. Abin da ya rage wa matuƙa shi ne allunan kyaftin da allon injuna na sama, na'urar tuƙi da mai sarrafa ƙarfin inji sun tafi, kariyar da kwamfutoci suke bai wa jirgi ta ragu, kuma ana kiyaye gudun not 140 a lokacin sauka don kada farfelar ta rasa iska. Bayan an taɓa ƙasa, idan gudu ya sauka ƙasa da not 50, allunan da suka rage ma suna mutuwa. Mai gwada manhajar A320 ya duba waɗannan daƙiƙu 8 da wannan mutuwar allunan a kan titin sauka, domin su ne aka fi tsallakewa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne, a kwamfutar gida lalacewa tana zuwa ne a tsabtace: mutum ya kashe janareta biyu da hannunsa, ya san abin da ya kashe, ya san shafin da zai buɗe. A sama ba kasafai take zuwa haka ba. Ranar 15 ga Satumban 2006, wani A319 na easyJet da ya taso daga Alikante zuwa Biristol ya rasa babban layin AC na ɗaya yana sararin Faransa kusa da Nant. Layi na biyu yana nan da wuta, don haka farfelar gaggawa ba ta da dalilin fitowa, amma layukan muhimman na'urori da ke shan wuta daga na ɗaya suka mutu, allunan kyaftin suka tafi, rediyoyi duka suka yi shiru, na'urar da ke sanar da masu kula da zirga-zirga inda jirgi yake ita ma ta tsaya. Ƙoƙarin mayar da layin kan ɗaya ɓangaren da makunni bai yi nasara ba, haka mataimakin matuƙi ya kai jirgin Biristol aka sauka ba tare da magana da kowa ta rediyo ba. Bayan irin waɗannan abubuwan ne aka yi gyaran da ya sa sauyin yake faruwa da kansa.

Na biyu ya fi kusa da tambayar Malam. Ranar 22 ga Satumban 2008, wani Boeing 757 na American Airlines mai lamba 268 ya taso daga Siyatil zuwa New York, sai wani rile ya lalace, fitilar layin ko-ta-kwana ta kama. Matuƙan suka bi littafi suka kai makunnin kan BAT, wuta ta dawo, suka ci gaba da tafiya. Janaretocinsu lafiya lau suke, amma a wannan matsayi na makunnin batir ne kaɗai yake ɗauke da waɗannan layukan, caja ba ta mayar masa da abin da yake fita. Batirin ya yi fiye da awa ɗaya kafin ya ƙare, wanda ya tabbatar da maganar Injiniya cewa minti 30 ba agogo ba ne, sannan na'urori suka fara mutuwa bi da bi. Suka karkata zuwa filin O'Hare na Cikago, jirgin ya sauka daga kan titi ya shiga ciyawa, ba wanda ya ji rauni. Manhajar da take da alama ɗaya ta akwai AC ko babu ba za ta taɓa iya nuna wannan ba, domin a lissafinta muddin janareta yana juyawa batir ba ya ƙarewa.

Game da manyan na'urorin kwaikwayo da ake horar da mu a ciki, masu daraja ta D, waɗanda suke kan ƙafafu shida masu motsi, ana gina su ne da bayanan da kamfanin jirgin ya sayar, kuma hukuma tana duba su lokaci-lokaci bisa ƙa'idoji irin su sashe na 60 na dokokin hukumar FAA ta Amurka da takwaransa na hukumar EASA ta Turai. A cikinsu layukan rabo da fitilu da saƙonnin gargaɗi suna bin jirgin gaske sau da ƙafa. Duk da haka ba a zama a jira batir ya mutu, domin sa'o'in na'urar suna da tsada, kuma abin da ake aunawa shi ne ko matuƙa sun raba aiki, sun bi littafi, sun zaɓi fili mafi kusa da ya dace tun da sauran lokaci. A kan wannan ina tare da Mai Rubuta Manhaja rabi: a wurin yanke shawara minti 30 ɗin nake lissafi da su. Amma ina so mai koyo ya san cewa batir yana iya ƙarewa ko da injuna suna ba da wuta, kuma agogo ba ya koyar da haka.

Ɗalibin Tuƙi, Kano

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, Kyaftin, da ɗan'uwa Mai Rubuta Manhaja. Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya. Ina da niyyar neman shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda na ji ta mallaki babbar na'urar kwaikwayon 737, kuma ba na so in isa can da halayen da sai an kankare. Wane gwaji zan yi wa kowane jirgin manhaja in gane ko an gina layukansa da gaske, kafin in yarda da abin da yake nuna mini a wannan fanni?

Tsohon Injiniyan Lantarki

Amin, ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ba sai ka tashi sama ba, yawancin gwajin a ƙasa ake yi, jirgi yana tsaye da wutar waje ko ta APU, an kunna na'urorin sanin matsayi guda biyu da ake kira IRS sun gama daidaita kansu.

Fara da kai makunnin ko-ta-kwana kan OFF alhali AC tana nan. Fitilar STANDBY PWR OFF za ta kama, allunan kyaftin su mutu, na mataimaki su ci gaba, wato akasin abin da ka gani a sama, domin yanzu layukan ko-ta-kwana ne kaɗai ka yanke. Jirgin da aka gina da alama ɗaya yawanci a nan yake tonuwa, sai fitilar ta kama amma komai ya ci gaba da aiki. Mayar da shi kan AUTO, sannan ka cire AC gaba ɗaya ka kalli allon IRS da ke can bayan allon sama. Na hagu yana kan layin ko-ta-kwana na AC, don haka inbata za ta riƙe shi. Na dama yana kan babban layi na biyu, zai koma shan DC daga batir, fitilarsa ta ON DC ta kama, kuma idan AC ba ta dawo cikin minti 5 ba za a yanke masa wutar don a rage wa batir nauyi. Riƙe agogo ka gani ko hakan zai faru. A cikin waɗannan mintunan ka juya makunnan mita zuwa BAT da STBY PWR da INV, ka tabbatar amp yana nuna fita, inbata kuma tana ba da kusan volt 115 da zagaye 400. Daga nan ka kashe makunnin batir: layukan ko-ta-kwana za su mutu tunda AUTO ba ya aiki sai da shi, amma idan ka kai makunnin ko-ta-kwana kan BAT za su dawo ko da makunnin batir yana kashe.

Akwai kuma abu biyu da za ka ƙara, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kowane inji yana da filogi biyu na kunna wuta, na dama ne yake kan layin ko-ta-kwana, na hagu yana kan babban layin AC, don haka idan AC ta tafi kuma aka zaɓi na hagu kaɗai a ƙasa, bai kamata injin ya kama ba. Sannan ka lura da mitar tankin tsakiya, kada ta ragu bayan famfunan sun tsaya.

Game da saɓaninmu da Mai Rubuta Manhaja, na yarda ƙiyasi yana da haɗari, amma adadin amp 48 da ɗakuna 20 da siffar zubewar batirin nikel da kadmiyam ba sirri ba ne, kuma mitar amp ta jirgin gaske tana nuna jimillar abin da ake ja, wanda duk mai gyara da ya taɓa gwada wutar ko-ta-kwana a rumfar jirage ya gani da idonsa. Da wannan jimillar kaɗai za a iya gina batirin da yake raguwa gwargwadon nauyi, a kuma ba mai amfani damar zaɓar batir ɗaya ko biyu, sabo ko wanda ya gaji. Kafin ka fara gwajin, duba a saitin jirginka ko batir nawa aka ce yana da su, domin idan biyu ne, minti 30 ɗin da yake ba ka ma rabin abin da littafi ya yi alkawari ne, kuma wannan ya kamata ya shiga cikin wasiƙar da za ka rubuta wa masu 800 ɗin tare da maganar na'urar tuƙi da famfunan mai da APU.